Bugun zuciyarta ya daidaita bayan digoksin: sauƙi ne ko guba?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin karkara. Akwai wata dattijuwa mai AF (hargitsewar bugun ɗakunan saman zuciya) da ta daɗe tana shan maganin zuciya digoksin 0.25mg da Lasix, maganin sa fitsari. Bugunta da muka saba ji a hargitse yanzu ya daidaita, 78 a minti, a ECG (zanen lantarkin zuciya) ba P, wato alamar bugun ɗakunan sama, QRS kuma, alamar bugun ɗakunan ƙasa, siriri. Sai dai ta ƙi abinci, ga amai. Ana ta cewa magani ya karɓe ta, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Sista, gara da bai kwanta ba. Kada ta ƙara shan ko ƙwaya ɗaya ta digoksin.

Abin da kika siffanta ya fi kama da gaggautaccen bugun mahaɗar AV, wato inda saƙon lantarki ke ratsawa daga ɗakunan saman zuciya zuwa na ƙasa. Mahaɗar kan buga 40 zuwa 60 idan ta karɓi ragama. In ta kai 60 zuwa 100, wani abu ke zuga ta. A wanda ba shi da AF, nemi P a kife a layukan ECG na II, III da aVF, dab da QRS ko bayansa. A mai AF kuwa, ƙasan layin yana nan yana karkarwa, amma tazarar R da R, wato tsakanin bugu da bugu, ta zama daidai wa daida.

Nan ake halaka mutane. A taɓa hannun majinyaciya, a ji bugu ya daidaita, a yi hamdala, a sallame ta da maganin wata guda. Digoksin rage gudun AF yake yi, mayar da bugu daidai ba aikinsa ba ne. Tsohuwar AF ta daidaita ba P, ga amai, wataƙila tana ganin abubuwa rawaya-rawaya? Digoksin ya toshe hanya daga sama, ya kuma zuga mahaɗar. Ga Lasix yana zubar da fotasiyam, ga ƙodar tsufa, ga mai kemis da zai ƙara mata maganin amai, ko ya haɗa mata da maganin ƙwayoyin cuta klaritromaisin, wanda ke ɗaga digoksin a jini, bai ko tambayi me take sha ba.

A auna fotasiyam, magnesiyam da kiriyatinin (ma'aunin aikin ƙoda) yau. Matakin digoksin sai bayan awa 6 da shan na ƙarshe, 0.5 zuwa 0.9 ng/mL ake so, amma in fotasiyam ya faɗi, guba kan zo ko da lambar ba ta yi sama ba. Kada a ba da fotasiyam da ka, sai an ga sakamako.

Bugun kansa ba a danne shi. Ban da magungunan rage bugu kamar atenolol da berapamil, ban da jona wa zuciya lantarki, don mai yiwuwa mahaɗar ce kaɗai ke riƙe da zuciyar. In bugu ya yi ƙasa har jini ya faɗi, a ba da atrofin, maganin ɗaga bugu, ta jijiya, a tura ta inda ake da na'urar sa ido.

In da ba ta shan digoksin, sai a nemi toshewar jijiyar ƙasan zuciya, kumburin tsokarta, ko zazzaɓin rumatik in yarinya ce.