Wai Wane Zare Ne Zai Riƙe Balen?

Kai yaro, ajiye wayar nan ka saurare ni. Ka nuno mini bidiyon wata balen mai doro, ƙatuwar dabbar tekun nan da Bature ke ce wa whale, da raga ta nannaɗe wa wutsiya, kana tambayata wane zare da wane ido za a ɗaura wa kalli, wato ragar kamun kifi, har ya riƙe irinta, wai ka ga naman da zai ciyar da rabin Garwa. Babu. Ba a taɓa murza shi ba, ba kuwa za a murza ba. Da wani yaron ne ya yi mini wannan tambaya, da na kore shi ya koma saran dalma. Amma ka fama mini tsohon miki, sai ka zauna ka ji.

Da farko ka daina ce mata kifi. Iska take shaƙa ta ƙofofin hanci biyu da ke tsakar kanta, haihuwa take yi, nono take bayarwa. Masana sun ce duk cikin dabbobin da ke raye yau ba ta da dangi na kusa kamar dorina, wannan dai da kuke tsayawa kan gadar Binuwai kuna ɗauka hoto. Dorinar da ke sa ka janye kwale-kwale ka koma gaɓa jiki na rawa, da ƙyar take wuce tan 2. Balen mai doro tana kai tan 30, wata har 40, tsawonta mita 12 zuwa 16. Fiffikenta guda ɗaya yana kusan mita 5. Ɗan da ta haifa yau da safe ya kai mita 4. To a jikin wane turke za ka ɗaure igiyar taka?

Abin da ka gani a bidiyon, ba raga ce ta kama balen ba, balen ce ta tafi da ragar wani bawan Allah. Da dare ba ta ganin zare. Gefen fiffikenta duk ƙulu-ƙulu ne, bakinta kuma ba haƙora a ciki, wasu faifai ne masu gashi jere ɗaruruwa da take tace abinci da su, igiya na shiga nan ta sarƙe. Da ta ji abu ya taɓa ta sai ta shiga birgima, birgimar ce ke ƙara ɗaure ta. Sai ta ja ragar da dalma da komai ta yi gaba, wata da watanni igiya tana cin namanta, ba ta iya kiwo, har ta rame ta mutu inda ba wanda zai ci ko tsoka ɗaya. Mai raga ya yi asara, ita ta yi asarar rai. Kai kuma kana nan kana lissafin nama.

Ni a teku na san ta, ba a waya ba. Farkon shekarun 1990 na hau jirgin ƙasa daga Ngaundare na gangara kudu, na zauna a Kiribi, bakin tekun Kamaru, ina ɗaura wa masuntan gishiri raga. Hannuna ya yi suna a bakin ruwan nan, ba yabon kai ba, a tambaya. Dattawan Batanga, waɗanda kakanninsu ke kan tekun tun kafin zuwan Jamus, su suka koya mini kalandarta. Daga wajen Yuli zuwa Oktoba take zuwa. Can ƙarshen duniya ta kudu, ruwan ƙanƙarar Antatika, take kiwo tsakanin Disamba da Maris, tana haɗiyar wasu ƙananan jatan lande da 'yan kifaye har ta tara kitse. Sanyi na tsananta sai ta kamo hanya, tafiyar dubban kilomita, zuwa ruwan ɗumi na Angola, Kwango, Gabon, Sao Tome, har gaɓar Kamaru da Najeriya. Nan take barbara, nan take haihuwa bayan cikin wata goma sha ɗaya, kuma duk zamanta a nan kusan azumi take, kitsen jikinta take ci, da shi take shayarwa. Mai jego ba ta son zurfi. Tana raɓe gaɓa da ɗanta inda ruwa ya kwanta, daidai wurin da masunta ke zuba raga. Wanda ya san wannan ya san watan da zai taƙaita raga, ya san daren da zai kwana gida.

A damunar 1993 wani ɗan kasuwa ya zo mini. Mutum ne da bai taɓa jiƙa ƙafar wandonsa ba, ya dai ji ana samun kuɗi a su, ya sayi kwale-kwale biyu da inji, ya ɗauki yara. Ya ce raga yake so ta bin ruwa, doguwa, wadda ba mai irinta a bakin ruwan, ta doshi kilomita guda. Ya ba da kashi ɗaya cikin uku, sauran wai sai kamun farko. Bakinsa da zaƙi, ga sallah a sahun gaba, ga gaishe ni da "Maigida" har ƙasa. Na tafi Duwala na ɗauko damin raga da igiya da dalma bashi a wani shago, da sunana, don mai shagon ni ya sani. Yadda ake ɗaurin kai da na ƙasa, da yadda ake raba dalma ta daidaita da abin yawo na sama, ba zan tsaya faɗa maka ba, wanda bai san wannan ba bai kamata ya shigo rumfar nan ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne abu ɗaya da na yi da gangan. A mahaɗar kowane tsagi, da wurin da ragar ke ɗaure da jirgi, na sa igiya siririya wadda za ta ɗauki nauyin kifi da igiyar ruwa, amma in abin da ya fi ƙarfin jirgi ya ja, ta tsinke. Tsagi ɗaya ya tafi, saura ya tsira, mutane su tsira. Yanzu na ji a Amurka har doka ce, ana tilasta wa masu raga su sa irin wannan mahaɗa mai rauni saboda balen. Mu ba wanda ya rubuto mana.

Na yi masa bayani, na kuma ce Agusta ne, kada yaransa su shimfiɗa ta gaba ɗaya da dare. Ya yi dariya, ya ce ni ɗan kogi ne, tarwaɗa na sani. Ashe da ya koma sai ya ga siririyar igiyar, ya ɗauka rowar kaya na yi masa, ya sa yaran suka kwance ta suka maye da mai kauri.

Ba a yi nisa ba abin ya faru. Cikin dare jirgin ya soma tafiya da baya, ruwa na kwararowa ta gindinsa inda inji yake, yara suna salati da yare uku. Allah ya ba ɗaya daga cikinsu hankali ya sare igiyar da adda. Da ba don shi ba da gawa huɗu aka nema.

Da gari ya waye mutumin nan ya zo rumfata da jama'a a bayansa. Na zaci jaje za mu yi wa juna. Sai ya ɗaga murya wai ruɓaɓɓen zare na sa masa, ragar da kanta ta yage ta nutse, ba wata balen. Aka kai mu gaban shugaban masuntan wurin. Aka kira yaran, kowanne ya sunkuyar da kai, don abincinsu a hannunsa yake. Ni baƙo, shi mai kuɗi. Aka ce a raba asara biyu, a yi haƙuri. Na haɗiye, na yarda. Rabin ma bai biya ba. Yau ka je an ce ya tafi Yawunde, gobe an ce yana zazzaɓi, jibi ya leƙo ta taga ya ce wa yaronsa a ce ba ya nan, ina jin muryarsa.

Ana cikin haka Janairun 1994 ya shigo, aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma 100 a dare ɗaya. Duk kayan su daga waje ake shigo da su, mai shagon Duwala ya ce shi da sabon farashi zai sake sayowa, don haka da sabon farashi zan biya. Bashin da na ɗauka domin wani ya kusa ninkawa a wuyana. Na sayar da kwale-kwalena, na sayar da keken ɗinkin uwargida da ta bari a Garwa, abin da har yau in mun yi faɗa sai ta tuna mini.

Duk wannan da na yafe. Abin da ya hana ni yafewa shi ne wata rana ina wucewa ta bakin ruwan wani ƙauye arewa da Kiribi, na ga raga shanye a kan sanduna. Kowane mai ɗauri ya san ƙullinsa ko cikin dubu. Tawa ce. Na tambayi mai ita, ya ce saya ya yi, ya faɗi wurin wa. Daga baya yaron da ya sare igiyar, bayan an kore shi daga aiki, ya zo ya faɗa mini gaskiya: ɗan balen ne ya faɗa ragar, uwar ta yi ta dukan ruwa har ta yaga ta, suka tafi da wani yanki. Washegari suka koma da ɗaya jirgin suka tsinci fiye da rabinta tana yawo, lafiya lau, maigidansu ya ɓoye ta, ƙura na lafawa ya sayar. Ya ci kuɗin ragata sau biyu, ya kuma ɓata mini suna a bainar jama'a. Allah ya isa, kuma ban janye ba.

Ɗan balen ɗin kuwa, da igiya mai kauri a jikinsa, ba ya kai labari. Jariri ba ya iya riƙe numfashi kamar uwar, wadda kan yi minti goma ko sha biyar a ƙasa. Uwar kuma sai bayan shekara biyu ko uku za ta sake haihuwa, ɗa ɗaya tak.

Ku yaran yanzu kun ɗauka abin da ya wuce a waya cikin daƙiƙa talatin shi ne sani. Ka taɓa kwanciya cikin kwale-kwale tsakar dare ka ji kukan namijin balen yana ratso katako? Mazan ne ke rerawa, baiti ɗaya ya yi minti goma zuwa ashirin, su yi ta maimaitawa sa'o'i, duk mazan yanki ɗaya a kan waƙa ɗaya, shekara na juyowa su sauya ta. Kuma in ɗaurin raga ne, ta riga ka iyawa. A wurin kiwonta sukan haɗu, su nutse ƙarƙashin garken kifi, suna zagayawa suna busa kumfa har ta zama katanga, kifin ya cure a tsakiya, su taso da baki buɗe su kwashe. Maƙogwaronta kuwa ƙanƙane ne, ba ya wuce mutum. A 2021 wata ta kamfaci wani mai nutso a Amurka cikin bakinta, ta tofar da shi da ransa.

Masu son namanta da manta sun riga ka, kuma ba da raga suka zo ba. Turawa sun zo da jiragen ƙarfe da mashi mai bindiga. A Gabon ɗin nan, gefen Por Janti, sun yi ta yanka ta lokaci-lokaci tun 1912 har 1959. A tekunan kudu kaɗai an kashe fiye da 200,000 a ƙarnin da ya wuce. Sai 1963 aka hana farautarta a kudu, 1966 a duniya duka, 1986 aka dakatar da farautar kowace irin balen don kasuwa. Waɗanda ke haihuwa a gaɓar Barazil sun taɓa komawa wajen 450, yanzu ana lissafin sun kai 25,000. Gabon kuma a 2017 ta keɓe sama da kashi ɗaya cikin huɗu na tekunta don kare halittun ruwa. Yau mai kashe ta shi ne karon manyan jirage da igiyar irinmu. In Allah ya kai ka teku ka ga ta sarƙe, kada ka yi jarumtar faɗawa ruwa da wuƙa a baki, bugun wutsiya ɗaya ya ishe ka. Masu wannan aiki daga cikin jirgi suke yi, su ɗaura mata manyan balan-balan na roba ta gaji, sannan su yanke igiya da wuƙa mai lanƙwasa a kan doguwar sanda.

Kai dai a Binuwai za ka ci abinci, kuma nan ma akwai mai shaƙar iska da ke mutuwa a kalli: ayu. Da can ana ganinsa a kogin nan, yanzu sai ka ƙetara Cadi wajen tafkin Lere ka ji labarinsa sosai. Shi ma ɗa ɗaya yake haifa bayan cikin shekara guda. Doka ta hana taɓa shi a Kamaru, kuma duk mai zuwa yana raɗa maka yana neman man ayu, ranar da ma'aikatan gandun daji suka zo ba za ka gan shi ba. In aka kawo maka aikin ragar da za a zuba a inda ayu ko dorina ke kiwo, ka sa mahaɗa siririya, ka nuna wa mai ita da yatsa a gaban shaidu biyu, ka faɗa masa dalili.

Tashi ka ƙarasa kallin mutumin Lagdo, ido yatsa uku ya ce, na ga kana neman matse shi. Gobe zai zo ɗauka ina kasuwa. In bai cika kuɗin ba ragar ba ta fita daga rumfar nan, ko da limamin unguwarsu ya zo tare da shi.