Ga ƙanwata mai tambaya kan littattafan zane na masu kisan ɗauki ɗai-ɗai

Assalamu alaikum. Ƙanwata da ta tambaya ko littattafan labari na zane da ake yi a kan masu kisan ɗauki ɗai-ɗai na tarihi suna da wata daraja ta adabi, tunda sufabaizanta ya ce ta canza batu: wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Abin da ake shirin yi miki shi aka yi min.

Ni a kan From Hell, littafin zane kan kashe-kashen matan da Jack the Ripper ya yi a Landan, na so in rubuta kundin digirina na biyu, wanda Alan Moore ya rubuta Eddie Campbell ya zana, suka fara fitar da shi kashi-kashi a 1989, aka haɗa shi littafi guda a 1999. Ranar kare batu wani babban malami, wanda ko duba aikina ba shi yake yi ba, ya miƙa hannu ya ɗauki littafin daga gabana da yatsu biyu. Ya yi ta jujjuya shafuka har ya isa babi na goma, inda aka zana kisan Mary Jane Kelly, ɗaya daga cikin matan, a ɗakinta na Miller's Court. Ya ɗaga shi sama yana nuna wa ɗakin, ya ce, "Jama'a, wannan ne adabin? Hajiya, da aurenki da 'ya'yanki, wannan kika kawo mana?" Ɗaki ya ɗauki dariya, har da ɗaliban da muke cin abinci tare. Na buɗe baki in yi bayani ya ce in ajiye, ba a kare kartun a sashensu. Mutumin nan ko layi ɗaya bai karanta ba, hoto kawai ya gani. Abin da ya fi ci min rai shi ne nawa sufabaizan, wanda ya sa hannu a kan batun da kansa, ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin biro, bai ce uffan ba. Na fita na zauna a bayan ajin na yi kuka mai isata. Daga ranar duk inda wancan malamin ya gan ni a baranda sai ya ce "mai kartun", a gaban kowa. Aka tilasta min wani batun da zuciyata ba ta so, na rubuta don dai in fita. Har yau in na tuna yatsun nan biyu sai in ji wuyana ya shaƙe.

To, daraja kam akwai, amma kada ki tsaya musu da baki, shafi za ki buɗe musu. A babi na biyar Campbell ya jera safiyar mutum biyu. Likita William Gull yana farkawa a gadonsa mai laushi a unguwar masu hali ta Landan, zanen nasa sumul, inuwa a kwance. Mary Ann Nichols kuwa, ita ma ɗaya daga cikin matan da aka kashe, tana farkawa a zaune kan benci, an tare masu barcin da igiya, in gari ya waye a kwance igiyar su zube, zanen nata duk karce-karce da baƙin tawada. Babu wanda ya rubuta miki cewa talauci ne ya fitar da matan Whitechapel, unguwar talakawan Landan, titi a 1888, idonki ne ke gaya miki. Kuma gaskiya ne a tarihi, daren 31 ga Agusta da aka kashe Nichols ba ta da kwabo huɗu na kuɗin gadon kwana. Wannan aikin alƙalamin zane ne ya yi shi, rubutu zalla ba zai yi shi haka ba, kuma nan hujjarki take.

Shi kansa babin da aka kunyata ni da shi, an ja shi shafi bayan shafi, kusan babu magana, da gangan, don kada mai karatu ya ji daɗi ko ya samu hanyar kauda kai. Amma ƙanwata, akwai tsiraici da jini sosai, ba zan ɓoye miki ba. Kada ki ajiye littafin a kan teburi kowa ya buɗe inda ya ga dama. Zaɓi shafukanki ki kai su kaɗai. Kuma ki guji fotokwafin bakin titi, layukan Campbell sirara ne, injin sai ya mai da su baƙi ƙirin. Kada kuma ki karanta da daddare ke kaɗai, ni na daɗe ba na iya barci.

Ki kuma fara faɗin aibin littafin kafin su faɗa. Moore ya ɗora kisan a kan Gull, likitan Sarauniya Biktoriya, bisa hasashen da Stephen Knight ya yaɗa a 1976, alhali Gull ya haura shekara 70 kuma shanyewar jiki ta taɓa shi a 1887. Moore bai ce gaskiya ba ce, a dogon bayanin da ke ƙarshen littafin yana bin shafi-shafi yana nuna abin da ya samo a takardun tarihi da abin da ya ƙaga. Duk da haka ɗora wa mamaci kisan mata biyar ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni har yanzu abin yana damuna. Sa wannan a babinki na farko, za su ga ba makauniyar soyayya kike yi ba.

Ba duk irin waɗannan littattafan zan kare ba. Wasu cinikin gawa kawai suke yi, makashin ya zama jarumi, waɗanda aka kashe ko suna ba a ba su. Ni abin da nake dubawa ke nan: wa aka ba fili, me aka nuna game da garin da ya bari abin ya faru? Dubi My Friend Dahmer na Derf Backderf, na 2012. Makarantar sakandare ɗaya Backderf ya yi da makashin, Jeffrey Dahmer, a jihar Ohio ta Amurka, kuma littafin ya tsaya ne a daidai 1978 lokacin kisan farko, bai bi sauran kashe-kashe 16 da Dahmer ya yi yana zanawa ba. Yaro yana zuwa makaranta a buge kullum, malamai da iyaye babu wanda ya tanka. Ni uwa ce, wannan ya fi girgiza ni a kan jinin.

In sun ce zane na yara ne, tuna musu an ba littafin zane Maus na Art Spiegelman lambar yabo ta musamman ta Pulitzer, babbar lamba a Amurka, a 1992. Sannan don Allah ki samu sufabaizanki a ofis tun kafin ranar, ki tambaye shi ƙeƙe-da-ƙeƙe ko zai tsaya miki in an taso ki. In ya fara kame-kame, nemi wani malamin a sashen da zai karanta ko babi ɗaya ne. Ba ki faɗi wane littafi kika zaɓa ba. Faɗa min, in From Hell ne takardun da na tara suna nan a akwati, zan aiko miki.