Ambaliya: Mu tashi ko mu jira a rubuta sunayenmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke bakin Kogin Haɗeja. Ruwa ya fara cin jinga, an kuma yi sanarwa a rediyo cewa mu tashi. Amma mahaifina ya ce ba inda za shi, wai duk wanda ya bar gida kafin ruwa ya ci shi ba za a sa sunansa cikin masu karɓar tallafi ba idan mutanen NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, suka zo. Gidan na ƙasa ne, ga ƙananan yara. Shin wa ma ke da alhakin kwashe mu, ƙaramar hukuma ko Abuja?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka fitar da yaran da mata yau, kafin magariba. Sauran bayanin ka karanta shi daga baya.

A tsarin Najeriya, hukumomin agajin gaggawa hawa uku ne. NEMA, wadda aka kafa a 1999, ta tarayya ce, SEMA ta jiha, sai kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma. Shi wannan na ƙarshen shi ne naku. Shi ya kamata ya san ƙauyukan da ke kwari, makarantar da ke kan tudu da za a sauke jama'a, masu kwalekwale, da asibitin da za a kai wanda ya jikkata. SEMA takan shigo idan abu ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma, NEMA kuma idan ya fi ƙarfin jiha. Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi, da na NIHSA, hukumar lura da ruwan koguna, tun kafin damina suke fita da sunayen yankunan da ke cikin haɗari. Abin takaici, a wurare da yawa kwamitin a takarda kawai yake, ba ya zama sai ruwa ya gama ɓarna, sannan a zo da 'yan jarida a raba tabarmi.

Wannan ɗabi'ar ce ta haifi maganar Baba, kuma ba shi kaɗai ba ne, kullum sai na ji ta. An mai da agajin gaggawa rabon shinkafa, har mutane suna ganin sai an same su tsamo-tsamo cikin ruwa za a yarda abin ya shafe su. Ba haka ake yi ba. Jami'an tantancewa bayan ruwa ya janye suke zuwa, abin da suke dubawa gidan da ya rushe ne da gonar da ta nutse, da shaidar mai unguwa da dagaci. Bangon da ya faɗi yana nan ko kana ciki ko ba ka ciki. To a kan me za a kwana a ƙarƙashinsa? Ginin ƙasa daga gindi yake jiƙewa, ka gan shi tsaye lafiya da rana, cikin dare ya zauna a kan masu barci. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, balle yaro. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri. A Mokwa ta jihar Neja, a ƙarshen Mayun 2025, mutane na barci ruwa ya zo, fiye da 150 suka rasu. Ku kuma da ciyawar kachalla ta toshe muku hanyoyin ruwa, ga abin da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Chalawa, jinga idan ta ɓalle ba ta jiran gari ya waye. A ce ma sunan ya kuɓuce, buhu nawa ne kuɗin jika guda?

Akwai kuma 'yan damfara da ke yawo da fom suna karɓar kuɗin rajista. Ba a biyan ko sisi don shiga jerin waɗanda bala'i ya shafa. Wanda ya nemi kuɗi, a kai ƙararsa wurin hakimi.

Game da Baba, Allah Ya ƙara masa lafiya, kada ka tsaya gardama da shi a gaban iyali. Ka nemo liman ko mai unguwa su yi masa magana, kuma mai unguwa ya rubuta sunan gidanku da yawan mutanen ciki a gabansa, hankalinsa ya kwanta. Ka ɗauki hoton gidan da rumbu da gona a waya. Takardun fili da katin shaida a ɗaure a leda, hatsi da dabbobi a kai tudu. Ka je sakatariya ka nemi jami'in agajin gaggawa, ka karɓi lambarsa, ka tambaye shi inda aka tanada muku, sannan ka ajiye lambar kiran gaggawa ta 112. Inda kuka sauka, kada a sha ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga sai an tafasa, domin amai da gudawa kan biyo bayan ruwa.