Amsar Gwaggo: Ki bar yaran su rera waƙar luguden da bakinsu

Wa'alaikumus salam, 'yata. Saƙonki ya iso, na gode da gaisuwa. Allah ya yi miki albarka, ya raya abin da aka samu.

Kin ce shugabar makarantarku ta ɗora miki shirya 'yan aji shida su yi lugude ranar bikin al'adu, kuma abokan aikinki sun ba ki shawara a saka waƙa a lasifika, yaran su riƙa ɗaga taɓarya kawai, tunda ba su iya waƙar ba. Kina tambaya ko waƙar dole ce a al'ada, ko kuwa ƙawa ce da za a iya arowa daga waya. Kada ki yarda da lasifikar nan. Tunda ke malama ce, kuma za a tambaye ki dalili, bari in warware miki shi yadda za ki iya kare kanki a gaban kowa.

Ki fara duba turmin kansa. Faɗin bakinsa bai kai kamu guda ba, amma mata biyu ko uku ne za su riƙa jefa taɓarya a ciki bi da bi, kowace taɓarya da nauyinta, musamman in ta icen ƙirya ce. Dole ta wannan ta fito kafin ta waccan ta shiga. Ba mai tsayawa tana ƙirga musu ɗaya, biyu, uku. Waƙar ce ke yin wannan ƙirgar. Kowace mai daka ta san gaɓar da taɓaryarta za ta sauka a kai, kamar yadda ta san ƙofar ɗakinta. Mai bayar da waƙa kuma idonta na kan masu dakan. In ta ga kafaɗar ɗaya ta fara sanyi, sai ta ja baitin ta sassauta, duka su sassauta tare ba tare da an ce uffan ba. In ta ga jini ya ɗumama, ta ƙara wuta. To, lasifika ba ta da ido. Yarinya za ta gaji, waƙar waya na ci gaba da gudunta, yarinyar ta makara da ƙiftawar ido ɗaya, taɓarya ta haɗu da taɓarya a bakin turmi. In an yi sa'a gero ne zai watse. In ba a yi ba, taɓaryar ta dawo ta sami haɓa ko goshi. Wannan shi ne dalili na farko, kuma ko shi kaɗai ya isa.

Yanzu ga yadda za ki shirya su.

Ki nemi turmi matsakaici, mai nauyin gindi, wanda bai tsage ba. A kafa shi a ƙasa, a ɗan tona masa gurbi ya zauna daram. In filin siminti ne, a ninka buhu biyu a sa masa a ƙarƙashi, in ba haka ba zai riƙa rawa yana tafiya. Taɓare kuma a zaɓi daidai tsawon yaran. Wadda ta fi yarinya tsawo ita ce ke janyo ta gaba.

Kada a daka turmi ba komai a ciki. Manya sun hana, kuma hanin yana da tushe: ice a kan ice tsaga turmi yake yi, taɓaryar kuma tsalle take ta dawo wa mai ita. Kada kuma ki zaɓi sussuka don a ga zangarniya ta yi kyau a hoto. Ƙaiƙayin gero yana shiga wuya da ido, yaran da ba su saba ba za su kama tari da susa, waƙa ta mutu. Surfe za ku yi. A zuba gero rabin tiya zuwa tiya ɗaya, gwargwadon turmin, kada dai ya wuce rabin cikinsa. A yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan da hannu har ya yi danshi. In ruwa ya yi kaɗan, ƙwayar za ta riƙa tsalle tana fita, ta kuma farfashe tun dusa ba ta saki ba. In ya yi yawa, ya cakuɗe ya manne wa taɓarya, sautin ya zama luɓus, ba amo. Ki damƙi geron a tafin hannu: in ya ɗan haɗu sannan ya warware da kika buɗe, ya yi.

Sati na farko kada kowa ta taɓa taɓarya. Su tsaya da'ira su koyi amshi da tafi, har sai wadda ta fi kowa kunya ta iya shiga a kan gaɓa. Daga nan kowace ta yi daka ita kaɗai tana amshi, tana sakin numfashi daidai lokacin da taɓarya ke sauka. Yarinyar da ke riƙe numfashi tana daka ba ta kai minti biyu sai jiri. Sannan a haɗa biyu suna fuskantar juna, sannan uku kamar duwatsun murhu. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a sake, ƙarfin yana fitowa daga ƙugu. Cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe, da bugun gefen turmi don a fitar da wani amo na daban, waɗannan su ne na ƙarshe, kuma ba kowa za ki bari ta yi ba. Tafi ɗaya ya isa ga yara. Masu tafa biyu sun shekara suna yi.

Mai bayarwa kada ta zama cikin masu daka, numfashinta ba zai kai ba. Ki tsayar da ita a gefe da faifai a hannu, tana bakace tana bayarwa, sauran 'yan ajin kuma su zama 'yan amshi. Baitin ya zama gajere, amshin ya fi shi gajarta, irin su "ayye" da "iye nanaye" da kowa zai iya kamawa a ji na biyu. Matsalar da za ki fi fama da ita ita ce gudu. Yara in suka ga jama'a sauri suke ƙarawa ba su sani ba. Don haka ki zaɓi mai bayarwa mai sanyin rai, ko da muryarta ba ta fi ta kowa zaƙi ba.

Dalili na biyu na riƙe waƙar ya fi na farko zurfi, kuma shi nake so ki fahimta ko da ba za ki faɗa wa yaran duka ba. Mace a gidan aure na da abubuwa da yawa da kunya ta hana ta furtawa. Ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗanta na fari, ba ta ɗaga murya a gaban uwar miji. To ina za ta kai abin da ke cinta? Bakin turmi da dutsen niƙa. Waƙar niƙa ma ta fi ta daka ɗaukar wannan kaya, domin ita mace ɗaya ce a durƙushe, ɗan dutse a hannu, tana turawa tana janyowa, waƙar na tafiya a hankali daidai da tafiyar hannun. A nan take begen gidan ubanta, ta yabi ɗan'uwanta da ya zo ganinta, ta yi wa kishiya habaici, ta tuna wa maigida cefanen da ya gaza. Ba ta ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Uwar miji mai hankali tana daga ɗakinta za ta gane akwai abin da ya kamata a gyara, ta gyara shi ba tare da an yi zaman sulhu ba. Kishiya kuma in tana da amsa, gobe a nata niƙan za ta bayar. Da yawa daga rigimar da yau ake kaiwa gaban iyaye, da can a nan take hucewa. Ba na cewa injin niƙa sharri ne, ya hutar da bayan mata da gwiwoyinsu, Allah ya saka wa wanda ya kawo shi. Amma ya tafi da wurin da mace ke sauke zuciyarta, kuma ba a ba ta wani a madadinsa ba. Wannan yana damuna ƙwarai idan na ga amaren yanzu, kowace a rufe ita kaɗai da waya.

Haka daɓe. Kafin siminti, in za a kai amarya, matan unguwa ne ke taruwa su yi mata daɓen ɗaki. A baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, a jera a durƙushe kowace da madaɓinta, ana bugu ana matsawa tare. In bugun bai zo ɗaya ba, wani wuri ya danne wani ya yi tudu, bayan 'yan watanni daɓen ya fashe daga nan. Waƙa ce ke daidaita hannuwan. In ya kwanta sai a bi shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, shi ke sa shi ya yi ƙarfi ya yi duhu yana sheƙi. Sai dai ki sani, waƙoƙin daɓe da yawa na manyan mata ne zalla, akwai maganganun da ba a yi a gaban maza balle yara. Ko wata tsohuwa ta rera miki, ki adana, kada ki kai aji.

Abin da ya dace da 'yan ajinki bayan lugude shi ne gaɗa, tunda tasu ce tun asali. Su yi rabin da'ira suna tafi, ɗaya ta fito ta juya baya ta saki jiki ta faɗo, sauran su tare ta su cilla. Yarinya ba ta sakin jiki sai ta amince da waɗanda ke bayanta, su kuma ba sa tarewa daidai sai suna kan gaɓa ɗaya. A kan ƙasa mai laushi za a yi, kuma masu tarewa kada su gaza huɗu.

Na san wani cikin iyaye zai iya cewa waƙa ba tarbiyya ba ce. Ki amsa masa da ladabi. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, wannan gaskiya ne, kuma ba ke za ki raba gardamar ba. Amma a nan ba ganga ba kalangu, murya ce da tafi da turmi, 'yan mata ne a tsakaninsu. Ki kuma tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864. Da ta so karantar da matan ƙauyuka waɗanda ba su iya karatu ba, waƙa ta tsara musu. Ta naɗa jajis, wato matan da ke jagorantar karatun, ta ɗora musu malfa, suna zuwa wurinta da 'yan taru, wato mata masu neman ilimin, su haddace, su koma garuruwansu su rera wa sauran mata. Ta san abin da aka rera ya fi zama a kai fiye da abin da aka faɗa. Ke ma kin sani, tunda har yau da rerawa yara ke riƙe darussan Islamiyya. Abin dubawa shi ne me waƙar ke cewa.

Game da inda za ki samo waƙar, kada ki ɗauko ta intanet. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ki sa kowace yarinya ta tambayi kakarta, ke kuma ki je da kanki wurin tsofaffi biyu ko uku na unguwar, ki riƙe musu ɗan goro ko sabulu. Kada ki ce "Iya, rera mini waƙar daka" tana zaune a kan tabarma, za ta ce ta manta, kuma da gaske take. Ki sa a kawo turmi a fara daka a gabanta, ki ga yadda baitocin za su riƙa dawo mata. Ki nemi izininta kafin ki naɗa a waya. In kin zo rubutawa, ki rubuta yadda ta faɗa. In Basakkwaciya ce ta ce "hura" ko "ɗiya", ki bar shi haka, kada ki mayar da shi Hausar littafi, domin sau da yawa gyaran yana karya gaɓar. Ki tambaye ta ma'anar duk kalmar da ba ki gane ba, ki kuma tambaya baitin da wa ake. Wani baitin za ki ji kamar yabon tsuntsu ne, alhali zambo ne ga wata zuri'a da jikokinta ke zaune a ajinki.

In da hali, ki gayyaci tsohuwar ranar bikin, a ba ta kujera kusa da turmi, ita za ta rangaɗa guɗa in yaran sun gama. Geron da aka surfa kuma kada a bar shi a rana ya yi tsami. A bakace, a wanke, a kai inji, a dama wa yaran kunu ko a yi musu fura washegari.

Ki gaida maigidan da yara. Ki sanar da ni ranar da aka sa tun da wuri.

Gwaggonki.