Ku Tambaya, Mu Amsa: Aiki, Ruwa da Gwal a Ƙasashen Tekun Fasha

Tambayoyin wannan makon duk a kan ƙasashen Larabawa shida ne da ke gaɓar Tekun Fasha, wato Saudiyya, Kuwait, Bahrain, Katar, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Oman, waɗanda suka haɗu a ƙungiya ɗaya tun 1981.

Wani ejan ya ce zai sama mini aikin gadi a Dubai, albashi dirhami 2,000. Ya ce in shiga da bizar ziyara, in na isa za a juya ta. In biya shi? Daga wani matashi a Kano

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Bizar ziyara ba ta halatta aiki, kuma wanda aka kama yana aiki da ita shi ke shan tara da kora, ejan yana gida yana barci. Gaskiya ne ana iya juya ta, amma sai kamfani ya nemi izinin aiki da sunanka. In bai nema ba, ranar da kwanakin bizar suka cika tara za ta fara hawa kanka kullum.

Yadda aikin gaskiya ke tafiya shi ne: kamfani ya aiko maka da takardar tayin aiki mai lambar ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar, ka karanta ka sa hannu tun kana gida. Daga nan ya fitar da izinin shiga na aiki. In ka sauka, a yi maka gwajin jini da hoton ƙirji, domin ƙanjamau da tarin fuka suna hana zama, wasu ayyukan kuma har da ciwon hanta. Sai a ɗauki zanen yatsu, a ba ka katin zama, wanda mutanenmu na Saudiyya ke kira igama. A dokar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, kuɗin biza da na ɗaukar ma'aikaci duk a wuyan kamfani suke. Wanda ya ce ka kawo miliyoyi na biza, to wani abu yake sayar maka, ba aiki ba.

Sannan ka duba yadda aka raba 2,000 ɗin nan, don a nan ake cutar mutane ido buɗe. Albashi a can kashi biyu ne: tushen albashi, da alawus na gida da mota. Kuɗin sallama da tushen kaɗai ake lissafa shi: albashin kwana 21 a kan kowace shekara a biyar ɗin farko, na kwana 30 bayan haka, kuma sai ka cika shekara ɗaya cur kafin ka cancanta. In tushenka 1,200 ne, yininka 40 ke nan, sallamar shekara 840. Da duka 2,000 ɗin tushe ne, da 1,400 za ka samu. Kuɗin da ke shiga hannunka a wata ɗaya ne, amma a shekara uku bambancin ya kai 1,680. A Saudiyya rabin albashin wata ne a kowace shekara a biyar ɗin farko, sannan cikakken wata.

Tsarin kafili, wato zamanka ya rataya a wuyan wanda ya kawo ka, an sassauta shi amma bai mutu ba. Katar ta soke neman yardar maigida kafin sauya aiki a 2020, ta kuma sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000, da 500 na wurin kwana da 300 na abinci in kamfani bai bayar da su ba. Saudiyya ta yi nata gyaran a Maris 2021, sai dai gyaran bai haɗa da masu aikin gida, direbobin gida da makiyaya ba, alhali nan ne 'yan'uwanmu mata suka fi yawa. Babban tarkon shi ne hurub: ka bar wurin aiki cikin fushi, kafili ya kai rahoto cewa ka gudu, nan take ka zama mai zaman haram, haƙƙinka kuma ya shiga wahalar karɓa. In an hana ka albashi, ka kai ƙara ofishin ƙwadago kana kan aikin, da kwantiraginka da takardar banki a hannu. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a dokokinsu, duk da haka ana yi. Ka ɗauki hoton fasfo da kwantiragi ka bar wa wani a gida.

Gadi aikin tsayuwa ne, don haka ka tambayi ko a ciki ne ko a waje. A Daular an hana aikin waje a tsakar rana daga 12:30 zuwa 3:00, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, kuma ba don ado aka yi dokar ba. Zafin gaɓar teku da laima yake zuwa, gumi ba ya bushewa a jiki, wanda ya saba da zafin Sakkwato ma sai ya ji a jikinsa.

Kada kuma ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi. Tiramadol ba tare da takardar likita ba ɗauri ne a Daular, safarar ƙwaya a Saudiyya hukuncinta na iya kaiwa kisa, goro ma an hana shiga da shi can.

An ce ba su da kogi ko ɗaya. To me suke sha? Daga wata malamar makaranta a Damagaram

Malama, teku suke sha, bayan sun cire masa gishiri. Kafin haka wahala ce zalla. Mutanen Kuwait da jiragen ruwa na katako suke ɗebo ruwan sha daga Shaɗɗul Arab a kudancin Iraƙi, a bi gida-gida ana sayarwa a salka, har zuwa shekarun 1950 da aka kafa matatar Shuwaikh.

Hanya biyu ake bi. Tsohuwar ita ce dafawa: a gina matatar jikin tashar lantarki, a ɗumama ruwan teku da tururin da ya rage, a bi da shi ta ɗakuna a jere, kowanne matsin iskarsa bai kai na bayansa ba. Duk ɗakin da ruwan ya faɗa sai wani kaso ya tashi tururi, a tare shi ya koma ruwa, gishirin ya zauna. Sabuwar hanyar ta matsi ce. A jawo ruwan ta bututu, a tace shi ta raga da yashi, sannan famfo ya tura shi da ƙarfin da ya ninka matsin iska sau 60 zuwa 80 cikin wata siririyar fata da aka naɗe kamar tabarma, ruwa ya wuce, gishiri ya tsaya. Cikin lita 100 ana samun 40 zuwa 45 na sha. Kowace lita 1,000 tana cin yunit 3 zuwa 4 na wuta, ƙasa sosai da abin da dafawa ke ci, shi ya sa sababbin matatu irin Tawila ta Abu Dhabi duk na matsi ne.

Ruwan da ya fito salam yake, ba ɗanɗano, kuma yana cin bututu, sai an bi da shi ta farar ƙasa ya ɗauki ma'adinai, a sa masa kulorin.

Matsalolin kuwa ga su. Tekun Fasha ya fi sauran tekuna gishiri, giram 40 zuwa 45 a lita inda wasu ke da 35, domin ba shi da zurfi kuma rana na ƙafar da shi. Ragowar ruwan mai kaurin gishiri cikinsa ake mayarwa. In gansakukar teku ta yi yawa har ruwan ya yi ja, kamar yadda aka gani a 2008 zuwa 2009, matattarar tana toshewa, dole a tsayar da aiki. Malalar mai ma haka. Kuma ajiyar birane ta kwanaki kaɗan ce, abin da ya sa Abu Dhabi ta riƙa ɗura tataccen ruwa a ƙarƙashin hamadar Liwa don ranar tsiya. Riyad da ke tsakiyar ƙasa daga Jubail ta bakin teku ake turo mata, tafiyar sama da kilomita 400 a bututu.

Wani abin dariya: da bazara tankin kan rufi yana tafasa, famfon sanyi ya riƙa ba da ruwan zafi. Sai mutane su kashe hita, su riƙa wanka da ruwan da ya kwana a cikinta, don shi ne mai sanyi a gidan.

Oman ta bambanta. Tana da duwatsu, tana da falaj, magudanar ƙarƙashin ƙasa da ke gangaro da ruwa zuwa gonakin dabino, ana raba wa manoma da lokaci, a da ana auna shi da inuwa da rana, da taurari da dare.

Kafin fetur me suke ci? Daga wani mai karatu a Kumasi

Lu'ulu'u, na cikin kawa, ba na dutse ba. Daga Yuni zuwa Satumba maza suna barin gari wata huɗu a teku. Nakhoda shi ne shugaban jirgi. Mai nutso yana matse hanci da maƙalin ƙoƙon kunkuru, ya sa safar fata a yatsu, ya rataya kwando a wuya, ya taka dutse mai igiya ya nutse. Bayan kamar minti ɗaya ya girgiza igiya, mai ja ya fizgo shi. Haka za a yi ta yi har faɗuwar rana, a kan dabino da gahawa, sai dare a ci shinkafa da kifi. Kunne na fashewa, ido na lalacewa. Nakhoda yana ba da bashi kafin tafiya, in kakar ba ta yi kyau ba bashin ya hau, har ɗa ya gaji na ubansa. Da yawa cikin masu nutson bayi ne da aka kawo daga gabashin Afirka, kiɗan liwa na gaɓar nan daga gare su ya samo asali.

Sana'ar ta rushe a shekarun 1930, lokacin da Japan ta cika kasuwa da lu'ulu'un kiwo, tattalin arzikin duniya kuma ya karye. An yi yunwa ta gaske. Cikin wannan hali aka samu mai a Bahrain a 1932, a Dammam ta Saudiyya da Burgan ta Kuwait a 1938. Abu Dhabi sai 1962 ta fara fitarwa. Dubai, wadda manta bai taka kara ya karya ba, ciniki ta kama: sarkinta na lokacin, Shehu Rashid, ya sa aka yashe mashigin ruwanta, aka buɗe tashar Jabal Ali a 1979, yankin ciniki mara haraji a 1985. Kayan China da kuke sarowa a can ta wannan ƙofar suke bi.

Ina so in fara saro gwal a Dubai. Me zan kula da shi? Daga wata 'yar kasuwa a Kaduna

Hajiya, farashin giram ba a tayawa. Yana kan allo a kasuwar gwal ta Deira, yana bin kasuwar duniya, kuma tunda dirhami a ɗaure yake da dala a kan 3.67, abin da zai motsa miki lissafi naira ce. Abin da ake tayawa kuɗin ƙira ne. Ki sa a rubuta miki su daban a rasit: nauyi, karat, farashin giram, ƙira, haraji.

Ki duba hatimin jikin kayan: 999 karat 24 ne, 916 na 22, 875 na 21, 750 na 18. Sarƙa mai duwatsu ki ce a cire nauyin duwatsun, in ba haka ba kin sayi gilashi a farashin gwal, ranar sayarwa kuma za a cire shi. Kuɗin ƙira ma ba ya dawowa, don haka mai son ajiya ta ɗauki mai sauƙin aiki ko sandar gwal. In kin ji tola, giram 11.66 ce. Akwai harajin kashi 5 cikin ɗari a kan kayan ado, baƙo yana karɓo mafi yawansa a filin jirgi in shagon yana cikin tsarin, kuma sai kin nuna fasfo tun wurin biya. Kuɗi ko gwal da ya haura dirhami 60,000 dole a bayyana wa kwastan. Masu tare mutane a lungu da Hausa a bakinsu suna cewa akwai mai araha a sama, ki wuce abinki.

Maigidana Balarabe ya gayyace ni majalisarsa. Yaya zan yi kada in ji kunya? Daga wani direba a Doha

Cire takalmi a ƙofa, yi sallama, fara gaisuwa daga dama, sai dai in akwai dattijo, shi ne farko. Kada ka miƙe ƙafa tafinta na kallon mutum. Mai zuba gahawa yana riƙe buta da hagu, ya miƙo finjali da dama, kai ma da dama za ka karɓa. Ɗan kaɗan zai zuba, ba rowa ba ce, cika finjali tamkar cewa ne sha ka tafi. Sha ɗaya zuwa uku, in ya ishe ka girgiza finjalin kaɗan kafin ka miƙa, in ba ka yi ba zai yi ta ƙarawa. Kada ka tambayi lafiyar matarsa, ce yaya iyali. Gaisuwar haɗa hanci ta junansu ce, bari shi ya fara. In aka zagayo da kaskon turaren wuta, ka jawo hayaƙin jikin rigarka, ka fara shirin tashi, zama ya ƙare.

Ɗan da aka haifa a can yana zama ɗan ƙasa? Daga wata uwa a Jidda

A'a, Hajiya. Zama ɗan ƙasa ta uba yake bi, haihuwa a can ba ta ba da shi. Shi ya sa 'yan ƙasa a Katar da Daular ba su wuce kusan ɗaya cikin goma ba, a Saudiyya kuma ƙidayar 2022 ta nuna baƙi miliyan 13.4 cikin miliyan 32.2. Masu sunan Hausawi da kike gani da katin ƙasa, irin ɗan ƙwallo Usama Hausawi, zuriyar alhazan da suka zauna a Makka da Madina ne tun da daɗewa. Naki ɗan, ki karɓi takardar haihuwarsa daga asibiti, ki yi masa fasfo a ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku da ke Jidda, sannan a sa shi a igamar uba kafin wa'adin rajista ya wuce tara ta hau.