Tambaya da Amsa: Yadda Ake Kallo da Naɗar Talabijin na Intanet a Kwamfuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur mai Windows a gida, kuma mahaifina yana son tafsirin da wata tasha take watsawa kai-tsaye ta intanet, sai dai a lokacin yana kasuwa. Wace manhaja zan girka domin in riƙa naɗe masa shirin ya kalla da daddare, kuma data nawa abin zai ci? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan hidima ga mahaifi. Shawarata ita ce ka fara da manhajar kallon bidiyo ta VLC, domin kyauta ce, ba ta da talla, kuma tana aiki ko a tsohuwar kwamfuta. Ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi da ke kusa da birnin Faris na ƙasar Faransa a 1996, kuma ƙungiyar VideoLAN ce take kula da ita har yanzu. Ka sauke ta daga shafin ƙungiyar, wato videolan.org, ka guji sauran shafukan da suke sanya tambarinta su haɗa maka da tarkacen manhajojin da ba ka nema ba.

Bayan ka girka ta, abin da kake buƙata shi ne adireshin da hoton tashar yake fitowa daga gare shi, kuma a nan ne mutane da yawa suke makalewa, domin wannan adireshi daban yake da adireshin shafin tashar da kake buɗewa a Chrome. Galibi yakan ƙare da m3u8, idan kuwa jerin tashoshi ne da yawa a fayil guda sai ka ga ya ƙare da m3u. Wasu tashoshin suna bayar da shi a fili, wasu kuma sai an tuntuɓe su. Idan ka samu, ka buɗe VLC, ka danna Ctrl da N tare, ka manna adireshin a akwatin da ya bayyana, sannan ka danna Play. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan hoto zai fito idan adireshin yana aiki.

Maɓallin naɗi a ɓoye yake. Ka shiga View da ke saman manhajar ka zaɓi Advanced Controls, nan take za ka ga wani jan ɗigo ya bayyana a ƙasa, saman maɓallan kunnawa da tsayarwa. Danna shi sau ɗaya shi ne fara naɗi, sake danna shi kuma shi ne rufewa. A Windows fayil ɗin yakan faɗa cikin foldar Videos, amma kana iya sauya masa mazauni ta Tools, sai Preferences, sai Input / Codecs, inda aka tanadi gurbin foldar naɗi. Abin da ya sa na fi son wannan hanya shi ne VLC ba ta sake sarrafa hoton, tana kwashe shi ne yadda ya iso ta zuba a rumbun kwamfuta, saboda haka ingancinsa ba ya raguwa, kwamfutar ma ba ta wahala. Kafin ranar shirin ka gwada naɗin minti biyu ka saurara, ka kuma shiga saitin wuta na Windows ka hana kwamfutar yin barci, domin idan ta kwanta a tsakiyar karatu naɗin ya tsaya ke nan.

Batun data kuwa lissafi ne mai sauƙi. Tashar da take turo hoto a kan megabit 1 a kowace daƙiƙa tana cin megabait 450 a awa guda, wadda take turowa a kan megabit 3 kuma tana cin kusan gigabait 1.35. Ke nan tafsirin awa ɗaya a kullum na kwana 30 zai ci gigabait 13.5 a ƙaramin inganci, ko gigabait 40.5 a babba, kuma gwargwadon haka zai cinye a rumbun ajiya. Tun da yake malami a zaune yake, kuma muryarsa ce abin nema, ban ga dalilin zaɓar babban inganci ba idan tashar ta ba da zaɓi. Ka kuma sanar da Windows cewa layinka na awo ne, ta hanyar kunna Metered connection a saitin intanet, don kada ta ɗauko manyan sabuntawa a daidai lokacin da kake naɗi. Idan hoton yana yawan tsayawa, ka jona kwamfutar da kebul maimakon Wi-Fi, ka kuma ƙara adadin Network caching daga 1000 zuwa 3000 ko 5000, wato VLC ta riƙa tara daƙiƙa uku ko biyar kafin ta nuna.

Idan kuwa a YouTube kaɗai tashar take watsa shirin, to kada ka wahalar da kanka. VLC takan kasa buɗe adireshin YouTube duk lokacin da kamfanin ya sauya tsarinsa, ƙa'idojin shafin kuma ba su yarda a sauke bidiyo ba sai ta hanyar da suka tanada. Tashoshi da yawa suna barin shirin a shafinsu bayan an kammala, sai mahaifinka ya kalla a can.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce. Na yi amfani da OBS Studio, manhajar ɗaukar fuskar kwamfuta, na naɗi wani shirin ilimi domin ɗalibaina, ana dab da gamawa sai aka ɗauke wuta. Da wuta ta dawo na tarar da fayil ɗin mai girman gaske, amma ya ƙi buɗuwa. Ko akwai dabara? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

AMSA: Malama, alamu sun nuna cewa a tsarin MP4 kika yi naɗin. Shi MP4 na asali sai a ƙarshen naɗi yake rubuta bayanin da ke nuna inda kowane yanki na hoto da murya yake, kamar littafin da ba a haɗa masa fihirisa sai an gama rubuta shi; idan wuta ta yanke kafin wannan mataki, hoton yana nan a ciki, amma manhajar kallo ba ta san ta inda za ta fara ba. Kada ki goge shi. Akwai wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Untrunc da takan gyara irin wannan fayil, da sharaɗin ki ba ta wani lafiyayyen fayil da aka naɗa da saiti iri ɗaya ta kwaikwayi tsarinsa. Ki naɗi minti ɗaya a OBS ba tare da kin taɓa saitin ba, ki ba ta shi tare da wanda ya lalace. Ba kullum ake dacewa ba, amma gwadawar ba ta da tsada.

Domin gaba, ki shiga Settings, sai Output, ki mayar da tsarin naɗi zuwa MKV, wanda ko wuta ta yanke abin da aka riga aka naɗa yana nan. Idan kina buƙatar MP4 domin turawa a waya, akwai Remux Recordings a ƙarƙashin File, wanda yake sauya shi cikin ɗan lokaci ba tare da rage inganci ba. Na'urar UPS, ko da ƙarama ce mai riƙe kwamfuta minti goma, za ta ba ki damar rufe naɗi kafin a tada janareta, amma ki tuna ki jona rautar intanet ɗin a jikinta ita ma. Wani abu kuma, filashin da aka tsara a FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, don haka idan kwafi ya ƙi, ki sake tsara filashin a exFAT bayan kin kwashe abin da ke ciki.

TAMBAYA: Wani ya yi mini tallar adireshin da ya ce yana ɗauke da dubban tashoshi, har da na ƙwallon Turai, a kan kuɗi kaɗan, ya ce in sa shi a Kodi. Shin Kodi tana naɗi? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Kodi, wadda aka sani da XBMC kafin a sauya mata suna a 2014, halastacciyar manhaja ce ta kyauta, kuma ta fi VLC tsari ga mai tashoshi da yawa. Ana ƙara mata wani sashe mai suna PVR IPTV Simple Client, a ba shi adireshin jerin tashoshi, a kuma ba shi fayil ɗin jadawalin shirye-shirye na XMLTV idan akwai, sai tashoshin su jeru kamar a dikoda. Amma wannan sashe na kallo ne kawai. Mai son ya sa lokaci kwamfuta ta naɗi shiri da kanta sai ya girka manhajar naɗi ta NextPVR idan Windows yake amfani da ita, ko Tvheadend idan Linux ce, sannan ya haɗa ta da Kodi, aikin da yake buƙatar haƙuri da barin kwamfuta a kunne.

Shi kuwa adireshin da aka yi maka talla, ban ba ka shawarar saye ba. Tashoshin ƙwallo na biyan kuɗi ba sa raba adireshinsu ga dillalai, saboda haka kusan tabbas satar fasaha ce, wadda Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta haramta. Irin waɗannan adiresoshi sukan mutu ba zato, sau da yawa ana tsakiyar wasa, kuma babu inda za ka kai ƙara. Idan mai tallar ya ce sai ka girka wata manhajarsa ta musamman, hatsarin ya ƙaru, domin ba ka san abin da ya cusa a cikinta ba. Ka kuma sani cewa Netflix da makamantansa suna kulle hotonsu, don haka ko ka biya kuɗi VLC da Kodi ba za su naɗa ba, idan kuma ka gwada ɗaukar fuskar kwamfuta da OBS, galibi baƙin allo za ka samu da murya kawai.