Hukuncin kuɗin da kafili ke karɓa duk wata

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina Saudiyya da bizar aiki. Kafilina, wato wanda ya ɗauki nauyin bizata, ba shi da aikin da zai ba ni, sai ya sake ni ina gyaran wutar lantarki a waje, duk ƙarshen wata in kai masa wani abu, kuma ni ke biyan kuɗin sabunta igama, wato takardar izinin zama. Ban san haka abin yake ba sai da na sauka. Shin abin da nake ci halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Ladan aikinka halal ne, guminka ka ci. Inda na tsaya shi ne cewarka ba ka sani ba sai da ka sauka. Wannan ya raba ka da wanda ya sayi biza yana sane, ya sa hannu a kwantiragin aikin da babu shi. Wancan ya yi tarayya cikin ƙarya da karya doka. Kai yaudararka aka yi. Abin da kake bayarwa don kada ya kai rahoton ka gudu, bayarwar dole ce, zunubin yana wuyan mai karɓa.

Shi kam kuɗin haram ne a gare shi. Malamin fiƙihu Ibnul Munzir ya hakaito ijma'in malamai cewa ba a karɓar lada a kan lamuni, wato tsaya wa mutum irin na kafili, kuma Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta hana irin wannan karɓa.

Akwai masu cewa ai ladan wahalarsa ne. Wace wahala? Zirga-zirgar takardu tana da iyaka, ana iya ƙiyasta ta a biya, ba ta sabuwa duk wata. Dokar ƙwadago ta ƙasar ma a kan mai ɗaukar aiki ta ɗora kuɗin igama da lasisin aiki, ga shi kai ke biya. Suka ce to haɗin gwiwa ne. Ina jarinsa, ina kayan aikinsa? Ranar da ka faɗo daga tsani ka kwanta wata guda, yana rage maka ko sisi? Wanda yake cikin riba ba ya cikin asara ba abokin tarayya ba ne. Suka ce an yarda da juna. Yardar wanda zamansa da korarsa ke hannun wani ba ita Alƙur'ani ke nufi da yardar juna a ciniki ba.

Sai dai uzurinka ba na har abada ba ne, domin aiki a wajen wanda ba kafilinka ba laifi ne a can. Tun watan Maris na 2021 ma'aikacin kamfani zai iya sauya wurin aiki bayan shekara guda ba sai da yardar kafili ba, ban da masu aikin gida. Duba matsayinka a manhajar Qiwa ta ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar, ka nemi mai aiki na gaskiya ka koma hannunsa. Kada ka gudu ka ɓuya. Fasfonka ya zauna a hannunka, duk abin da ka ba shi ka ajiye shaida. Kuma don Allah ka gaya wa na gida gaskiyar halin da kake ciki, kada ƙanenka ya ci bashi ya biyo sawunka.

Wallahu a'alam.